Abin da Kawu Saje Ya Yi wa Waƙoƙin Bawa na Tasha

Duk wanda ya taɓa kwana biyu a gidanmu na Agege ya san inda ake neman cokali idan ya ɓace. Ba a zargin kowa, ba a ma duba kwandon wanke-wanke. Ɗakin Kawu Saje ake shiga, a ɗaga murfin fiyanonsa a leƙa. Nan za ka tarar da cokalinka a soke tsakanin wayoyi, kusa da matsefin wata, da abin maƙale shanya, da guntun robar silifa, da busasshen ganyen goro an naɗe shi tamau kamar laya. Ni Asabe, 'yar ƙanwarsa, da nake sayar da shinkafa da miya a ƙofar gida, na fi kowa shan wahalar wannan hali. Akwai ranar da mutum uku suka riƙa karɓa-karɓa da cokali ɗaya a kan bencina. Na shiga na same shi ya zura kai cikin fiyano har kafaɗa.

"Kawu, cokulana."

"Suna aiki."

"Ni ma aikin nake so su yi mini."

Ya fito da kai, ya dube ni yadda ake duban wanda bai je makaranta ba. "Asabe, fiyano Bature ne. Muryarsa ta cika tsabta. Sai an ɗan shaƙe shi yake jin Hausa."

Na fito da cokali biyu, na bar masa huɗu. Haka muka zauna shekara uku.

Ku da kuka taso kuka gan shi da farin gemu, sunansa na yanka Isiyaku, yayan mahaifiyata ne, haifaffen nan Agege, don fataucin goro ne ya kawo kakanninmu. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a bandin soja. Da safe ya busa ƙaho a fareti, da yamma ya kaɗa wa hafsoshi fiyano a wurin shaƙatawarsu, inda wani tsoho mutumin Gana ya koya masa. Ƙahon nan ne ya cinye masa kunnen hagu, shi ya sa kuka san shi yana karkata kai idan ana magana. Shekarar da soja suka miƙa mulki ya yi ritaya, ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda da wani tsohon fiyano da barikin ya yar. Kada ku ɗauka irin ƙaramin nan ne na lantarki da 'yan fim ke amfani da shi. Na katako ne, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, 'yan dako takwas suka shigo da shi suna tsine wa wanda ya ƙera shi.

Da farko murna aka yi, saboda Bawa na Tasha. Bawa wani mai molo ne da ke zama gindin bishiya a bakin tashar jirgin ƙasa tun zamanin iyayenmu, yana yi wa fataken goro da mahauta masu jiran jirgin shanu waƙa. Ya rasu ba a taɓa ɗaukar muryarsa ba, ko a faifai ko a rediyo. Kawu kuwa tun yana saurayi a gindinsa yake wuni, kuma ya sha faɗa cewa duk waƙoƙin Bawa suna kansa. Saboda haka dattawan layi suka ce to, waƙoƙin Bawa sun dawo gida. Wata ranar Lahadi da hantsi suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka buɗe ƙofar ɗakin, Kawu ya zauna ya ce zai fara da "Jirgin Yamma".

Ya ɗora yatsa ɗaya, ƙwal. Sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Alhaji Mamman mai goro ya duba agogo. Ba zato hannu biyu suka faɗa wa fiyanon kamar kwanuka sun zubo daga kanta. Ya ruga can gefen da sauti ke siriri, ya dawo da gudu, ya dunƙule hannu ya buga ƙasa sau biyu, ya sa gwiwar hannu ya danne farare da baƙaƙen madannan fiyanon gaba ɗaya. Cokulana suna ta zuga a ciki. Kajin gidan suka fice.

Da ya tsaya, Alhaji Mamman ya gyara murya. "Saje, na san Jirgin Yamma. Da ita aka yi bikina. Ina take?"

"Tana ciki."

"A ina?"

"Sau uku kuka wuce ta ba ku gaisa ba."

"To me ya hana ka yi ta a jere, yadda mutum zai bi?"

Kawu ya ɗaga hannuwansa biyu ya baza yatsu. "Alhaji, shekara talatin ina hagu, dama, hagu, dama. In na saɓa da rabin taki a kulle ni a gadirum, kurkukun bariki. Yanzu farar hula ke mulki. Yatsa goma gare ni, kowanne da jam'iyyarsa."

Alhaji ya naɗe tabarmarsa yana cewa, "To gaskiya majalisar nan ba ta zauna lafiya ba."

Da abin ya tsaya a cikin gida da sauƙi. Sai sabon kansilan mazaɓarmu ya shirya liyafar cin zaɓe, wani mai neman suna ya gaya masa akwai gwanin fiyano a layinmu. Shi kansila a zatonsa irin kiɗan kaset ɗin da ake kawowa daga Kano ne, wanda mata ke rausaya a kai. Ya aiko. Na roƙi Kawu har da durƙusawa.

"Kawu, mutanen nan rawa suke so."

"Wanda ya iya rawa zai samu inda zai sa ƙafa."

Aka aro a-kori-kurar mahauta, an wanke ta amma ƙarnin bai tafi ba, aka ɗaure fiyano da igiyar shanu. Kawu ya sa babbar rigarsa ta salla ya hau baya ya rungume shi, kamar mai rakiyar mara lafiya asibiti. Da aka isa, mai janareta ya zo da waya yana zagaya fiyanon yana neman inda zai jona. Kawu ya bar shi ya zagaya sau biyu kafin ya ce, "Ba ya cin wuta." Wannan shi ne babban alfaharinsa a duniya. Duk lokacin da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, sai ka ji shi kaɗai yana aiki, har wasu suka fara yi wa masu wutar addu'a da gaske.

Aka zura makirfo cikin fiyano, daidai kan cokulan. Ya fara. Mata sun ɗaura ɗankwali sun miƙe tsaye a gaban rumfa suna jira kiɗa ya kama su shiga. Maza suna cin shinkafa suna hira. Ya yi kusan minti arba'in, gumi ya jiƙa babbar rigar, sannan ya tashi ya rusuna. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo da fara'arsa ya ce, "Jama'a a yi haƙuri da jinkiri. An gama gwajin kaya, yanzu Saje zai fara."

Kawu ya miƙa hannu aka ba shi makirfon. Ya ce, "Na gama."

Ban taɓa jin wuri mai mutum ɗari biyu ya yi irin wannan shirun ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Kansila dai ba ya so a ce bai waye ba, sai ya miƙe ya ce, "Irin wannan ake yi a ƙasashen waje," ya fara tafi yana waige-waige, yaransa suka bi shi suna kallon juna. Mutum ɗaya ne ya yi tafi na gaskiya, can baya, a tsaye a kan kujerar roba. Wani siririn Bayarabe ne mai tabarau, Mista Kunle, wanda aka yi hayar lasifikokinsa. Yana da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a Yaba.

Washegari sai ga shi a gidanmu. Yana ganin Kawu ya kwanta rub da ciki irin gaisuwarsu. Ya zauna a ƙasa awa biyu, ido a rufe, yana girgiza kai kamar mai ciwon haƙori. Da ya fito, masu cin abinci a wurina suka tare shi, Iya Risi mai burodi ta tambaye shi wai me tsohon nan yake yi ne a ɗakin. Ya dube su da mamaki ya ce, "Una no sabi? Na jaz Baba dey do. Strong one." Wato da Turancin Buroka yake ce musu ba su sani ba, jaz Baba yake yi, mai ƙarfi kuwa.

To nan aka samu matsala. Shi Mista Kunle, kamar yadda ya yi mini bayani daga baya, jaz wani kiɗa ne na baƙaƙen Amurka. Ya ce a can akwai masu zama su kaɗai a gaban fiyano, su ɗauko waƙar wani magabacinsu su warware ta zare-zare, su sake saƙa ta yadda ransu ya ba su a wannan lokacin, kuma mutane su cika zaure suna saurare. Ya ce abin da Kawu ke yi wa waƙoƙin Bawa ke nan, kuma bai taɓa zaton zai ji irinsa a bayan layin dogo ba. Amma kun san a titin Legas idan aka ce mutum yana jaz, asiri ake nufi. Ga shi kuma kowa ya taɓa ganin ganyen nan da aka naɗe kamar laya. Kafin la'asar labari ya kai har kwatar mahauta.

Iya Risi ce ta fara zuwa, wai burodinta yana kwana. Sai Ɗanladi ɗan okada da aka sace wa babur. Sai wata mata da ke nema wa ɗanta biza. Kowa ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya raɗa wa Kawu damuwarsa, kuma ba ka ga ikon Allah ba, duk ta kunnen hagu suke raɗawa. Kawu ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya juya ya kaɗa musu awa guda. Su zauna ko motsi babu, duk inda ya buga da ƙarfi su ce amin a hankali. In za su tafi su ajiye goro, wani ma kaza.

Kawu ya riƙa fitowa yana sheƙi. "Asabe, kin gani? Kunnen Agege ya fara buɗewa."

Yau zan faɗa a gabanku, Allah ya yafe mini: na san abin da ke faruwa, na yi shiru. Na farko ban san ta inda zan fara gaya masa ba. Na biyu, duk wanda ya fito daga ɗakin nan yunwa yake ji, kuma bencina ne a bakin ƙofa. Da aka tsinci babur ɗin Ɗanladi a Ketu bayan kwana uku, sai da layi ya kai bakin titi.

Ranar da layin ya tare hanyar masallaci ne limaminmu, Malam Shu'aibu, ya zo da kansa bayan la'asar. Tare suka yi makarantar allo da Kawu, don haka bai yi kwana-kwana ba. Ya ce an kawo masa ƙara iri biyu: wasu sun ce Saje ya buɗe gidan tsafi, wasu samari kuma sun ce ko ba tsafi, kiɗa a maƙwabtan masallaci bai dace ba. Kawu ya karkato kunnen dama ya ce a maimaita. Dole ni na durƙusa na warware masa komai, tun daga maganar Mista Kunle har zuwa kajin.

Kawu ya yi salati, ya daɗe kansa a ƙasa. Mutum ne da salla ba ta wuce shi, abin ya buge shi ƙwarai. Ya ce a mayar wa kowa kazarsa. Can ya ɗago ya tambaye ni da wata ƙaramar murya, "Wato duk cikinsu babu wanda ya zo don kiɗan?"

"Babu, Kawu."

Har na fara jin hawaye. Sai ya ce, "To sun dai zauna har ƙarshe. Ke kin taɓa?"

Malam ya ce maganar tsafi ta mutu, saura ta kiɗa, kuma shi ba ya hukunci kan abin da bai ji da kunnensa ba. Ya zauna a kan buzu da carbinsa. Kawu ya gyara zama, ya zaɓi wata waƙar Bawa ta yabon mahauta, ya ba ta duk ƙarfinsa. Ina kallon Malam, carbin yana tafiya, yana tafiya, ya tsaya cak, ya sake tafiya. Da aka gama ya daɗe yana shafa gemu.

"Saje, na saurara da kyau. Ni dai tsakanina da Allah ban ji kiɗa ba. Abin da na ji ya fi kama da aikin maƙera, ko masu gyaran mota. Sana'a kuwa ba a hana mutum. Ka ci gaba, in dai ba lokacin salla ba."

Na yi hamdala. Na juya in taya Kawu murna, sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malam, koma ka zauna."

"Ai na wanke ka, Saje."

"Ban karɓi wankin ba. Kiɗa ne. Ka ce kiɗa ne ka hana ni, ya fi mini."

"Ba zan faɗi abin da ban ji ba."

Sati biyu Kawu yana tsallaka layin dogo zuwa wani masallacin, sau biyar a rana, da ciwon gwiwarsa. Sai da Malam ya aiko masa da zuma, tare da saƙon cewa ya sake tunani, wataƙila akwai ɗan kiɗa-kiɗa daga wajen ƙarshe.

Ni a lokacin nan kaina ya gama ɗaurewa. Liman ya ce ba kiɗa ba ne. Mista Kunle, wanda sana'arsa ke nan, yana kwanciya a ƙasa. Wata rana ina tsame shinkafa sai in ji kamar wata waƙa ta leƙo daga ɗakin, in tsaya da ludayi a hannu, kafin in kama ta ya rushe ta. In ce ko dai gwani ne mu ne jahilai? Washegari ya yi wani abu da gwiwar hannu in ce a'a, ɓarnar ƙahon nan ba ta tsaya a kunne ba, ta kai ƙwaƙwalwa.

Mista Kunle dai ya kawo na'urarsa ya ɗauki kaset guda, fiyano kaɗai babu mai waƙa, aka rubuta a bango cewa waƙoƙin Bawa na Tasha ne daga hannun Saje Isiyaku. Masu kaset na bakin kasuwa suka karɓi kaɗan. Yawanci an dawo da su, wai zaren ya lalace tun daga kamfani. Wani direban babbar mota ya rantse rediyonsa ce ta tauna shi, har ya kai ta gyara. Amma ta dalilin direban nan sunan Bawa ya isa Ketu, ya shiga kunnen wata tsohuwa.

Wata safiya motar haya ta danfo ta sauke ta a bakin layinmu, jikanta mai sayar da albasa yana riƙe da hannunta. Ta haura saba'in da biyar, idanun sun yi fari, tana dogara sanda. Ta ce a kai ta wurin Isiyaku. Kawu na ganinta ya miƙe tsaye ƙam kamar ya ga kanar.

"Kai ne Isiyaku mai manyan kunnuwan nan da ke zama gindin Baba?"

"Ni ne, Yaya Yalwa."

Autar Bawa ce, ita kaɗai ta rage a 'ya'yansa. Na kawo mata kujera da ruwa. Ba ta sha ba. Ta ce, "An ce ka riƙe waƙoƙinsa. Ni shekara arba'in ban ji ko ɗaya ba. Fuskarsa tana nan a raina, amma muryar ta tafi. In na kwanta na neme ta sai in ji ta wani. Likita ya ce zuciyata ta gaji. Ina so in ji Jirgin Yamma kafin a kira ni."

Na ja Kawu gefe, ta kunnen dama, na ce, "Don girman Allah, yau ɗaya, ka yi mata ita yadda take. Tsohuwar nan daga Ketu ta taso." Ya buɗe murfin fiyano, na ce to Alhamdulillahi zai kwashe tarkacen. Sai ya ƙara cokali ɗaya.

Ya yi ta yadda ya saba. Yatsa ɗaya, shiru, kwanuka. Na jingina da ƙofa ina kallon fuskar Inna Yalwa, ina shirya irin haƙurin da zan ba ta. Fuskar ba ta nuna komai ba. Da ya zo wurin nan da yake dunƙule hannu ya buga ƙasa sau biyu, sai ta ɗaga kai. Da ya shiga dogon shirun nan da ke sa mutane duba agogo, sai na ji ta ce a hankali, "Goro."

Ya gama. Bai juyo ba, ya bar hannuwansa a cinya.

"Isiyaku," in ji ta, "waƙar dai ka kashe ta. Ban ji ta ba ko kaɗan."

"Na'am, Yaya."

"Amma bugun nan biyu, tarin Baba ne. Kullum a nan yake yinsa, bayan baiti na biyu. Shirun nan kuma, nan yake tsayawa ya gatsi goro ya bar mutane a rataye, har sai wani ya yi masa magiya. Rugugin nan na tsakiya, ana haɗa taragu ne, shi kuma yana ɗaga murya ya haye su. Har ƙarar kwanon mai kunu da ke zama kusa da shi ka sa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kai ashe wunin gaba ɗaya ka kwaso, da tashar da mutanenta."

Kawu yana gyaɗa kai kawai, hawaye na bin gemunsa.

Ta ce, "To matsa, ni yanzu ta dawo mini." Ta buga sandarta a ƙasa sau uku, ta ɗauko da wata tsohuwar murya mai karkarwa:

"Jirgin yamma ya taho da baƙi,
wanda na aika bai sauko ba."

Kawu ya ɗora hannun dama a hankali ya bi ta. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. A jere, a natse, kowane sauti a mazauninsa, cokulan ma suna wata 'yar shaƙaƙƙiyar zuga kamar molo na gaske. Masu cin abinci suka bar kwanukansu suka cika tsakar gida. Alhaji Mamman ya shigo da takalmi ɗaya. Iya Risi, wadda ba ta jin Hausar baitin, tana tsaye da farantin burodi a ka tana kuka. Suka yi ta har ƙarshe, suka sake.

Da aka sa Inna Yalwa a mota, na dawo na tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Kawu, ashe ka iya."

"Wa ya ce ban iya ba?"

"To me ya sa ka shekara biyu kana gana mana azaba?"

"Wannan ai Bawa ya riga ya yi ta, kuma ya fi ni. Me zan je in ƙara masa a can?"

"Ko ranar Juma'a ka riƙa yi mana mana."

"Don Yalwa na yi. Ke ubanki mai molo ne?"

Washegari da hantsi kwanuka suka ci gaba da zubowa. Inna Yalwa ta rasu bayan wata huɗu. Jikanta ya ce har ranar ƙarshe tana rera baitin nan, tana tsayawa a tsakiya ta yi tari sau biyu da gangan, ta yi dariya.

A daminar shekara ta uku ne Kawu ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka dawo daga asibiti magana ta yi masa nauyi, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Kwana biyar gidan shiru, kuma abin mamaki shirun bai yi wa kowa daɗi ba. Rana ta shida ya nuna fiyano da haɓa. Muka ɗaga shi ni da maƙwabta, muka tokare shi da matasai. Ya fara da hannun hagu kaɗai.

Sale mahauci yana wucewa ta taga ya leƙo wurina ya ce, "Asabe, Saje ya samu sauƙi ke nan? Kin ga kuwa tun da abin ya ragu da rabi ya fi daɗin ji."

Ta kunnen dama maganar ta shiga. Kawu ya yi dariya da rabin baki har numfashinsa ya sarƙe, sai da na ba shi ruwa. Da ya natsa ya kama bakin zanena ya ce, da ƙyar, "Ara mini hannu."

"Kawu, ban iya ba. Ban taɓa taɓa shi ba."

"Danna ko'ina."

Na zauna a gefensa na dama, hannuna yana ƙamshin albasa. Na danna wani fari. Ya amsa daga can ƙasa. Na danna wani baƙi, na ji da kaina ya yi muni, na janye hannu. Sai hagunsa ya zagayo ya sa wasu sautuka biyu a ƙarƙashinsa, munin nan ya zauna daram kamar dama wurinsa ne. Na sake ɓatawa, ya sake bi. Na danna uku a haɗe don in gwada shi, ya ɗan harare ni, ya je ya ɗauko su. Mun yi kamar minti goma. Ban san me na kaɗa ba, har yau ban sani ba, kuma idan kuka tambaye ni ko Kawu gwani ne ko ba gwani ba, ba ni da amsar da zan rantse a kai. Abin da na sani, duk ɓarnar da na yi a minti goman nan bai ce mini na yi kuskure ba ko sau ɗaya. Bin ta yake ya gyara mata wurin zama.

Ina zaune a nan na tuna shekarar da aurena ya mutu, na fito da 'ya'ya mata biyu da jaka ɗaya. Duk gidan dangin da na shiga sai an zaunar da ni an tambaye ni me na yi. Kawu yana bariki a lokacin. Ya aiko wani soja da makullin gidan nan, da saƙo guda: ɗakin gaba ya fi iska. Har ya koma ga Allah, kwana tara bayan wannan zaman namu, bai taɓa tambayata me ya faru ba.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Mu dai bai taɓa ƙirga mana kurakuranmu ba. Ka rufe nasa da rahamarka, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi ɗaki mai iska. Amin.